Ƙarfe da Dutse: Tarihin Wuƙar Mahauta a Zangunan Ankara

1.0 Gabatarwa

Idan ana saura kwana biyu ko uku a yi Babbar Salla, akwai wata ƙara da ke yawaita a unguwannin Nima da Mamobi da Sabon Zango, wato ƙarar ƙarfe a kan dutse. Magidanta na fito da wuƙaƙen da suka shekara a ajiye, mahauta na gyara nasu, masu washi kuwa kakarsu ce ta yanke saƙa. Wannan takarda za ta bi tarihin ƙarfen da ake ƙera waɗannan wuƙaƙe da shi, tun daga tamar ƙasar Hausa har zuwa ƙarfen zamani da ke daɗewa bai dakushe ba. Za a nuna cewa duk lokacin da ƙarfe ya sauya, sai hanyar wasa shi ta sauya, kuma mahaucin zango yakan zaɓi wuƙar da dutsensa zai iya ci, ko da akwai wadda ta fi ta tauri.

Ankara a nan ita ce Accra, babban birnin ƙasar Gana. Haka fataken Hausa suka daɗe suna kiran garin, kada a haɗa shi da Ankara ta ƙasar Turkiyya.

2.0 Yadda Fawa Ta Zauna a Ankara

Hausawa sun san hanyar Gwanja tun da daɗewa saboda fataucin goro, kuma Salaga ce babbar kasuwarsu. Abin da ya jawo su bakin teku da yawa shi ne yaƙin da Ingila ta yi da Asante a 1873 zuwa 1874, inda Kyaftin Glover ya zo da rundunar da ake kira ta Hausawa daga Ikko. Bayan yaƙin, hanyar goro ta fara karkata zuwa teku. A 1877 Turawa suka mayar da hedikwatarsu Ankara daga Cape Coast, sannan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa sauran fataken, wasu suka nufi Karachi, wasu Kumasi, wasu Ankara.

Zangon farko a cikin garin shi ne na Malam Na'ino, mutumin Katsina, wanda aka kafa wajen 1881 a inda ake kira Zongo Lane. Annobar da ta auka wa Ankara a 1908 ta sa gwamnati ta rushe wasu gidaje a tsohon gari, ta buɗe sababbin unguwanni. Adabraka na cikinsu. Ana cewa sunan ya samo asali ne daga kalmar "albarka", wadda mai sayarwa ke faɗa idan tayin da aka yi masa bai kai ba, sai bakin mutanen Ga ya juya ta. Malam Baƙo, ɗan Malam Na'ino, ya kafa Sabon Zango wajen 1912. Nima kuwa ta taso ne a farkon shekarun 1930 a hannun Malam Amadu Futa, kuma tun asali wurin tsayar da shanu ne kafin a shiga da su gari.

Kudancin Gana ba ƙasar kiwo ba ce, domin ƙudan tsando bai bar shanu su yawaita a kurmi ba. Dabbobi daga arewa suke zuwa, a hannun Musulmi, don haka fawa ma ta zauna a hannun mutanen zango. Shugaban Musulmin Ankara da Turawa suka amince da shi a farkon ƙarni na 20, Cif Buraima, Bayarabe ne, kuma da laƙabin sana'ar fawa aka san shi. Ke nan ba Hausawa kaɗai ke cikin sana'ar ba, amma Hausa ce harshen kwata, kuma sarautar Sarkin Fawa ta bi mahauta har can. Tsiren da suka kawo shi ne mutanen Gana ke kira cicinga.

3.0 Abin da Ake Nema a Jikin Wuƙa

Kafin a shiga tarihin ƙarfen, ya kamata a san matsalar da maƙeri ke fama da ita. Abu uku ake so wuƙa ta haɗa. Na farko tauri, don kada bakinta ya lanƙwashe. Na biyu juriya, don kada ta ɓalle ko ta karye idan ta haɗu da ƙashi. Na uku jinkirin cinyewa, don kaifin ya daɗe. Waɗannan abubuwa ba sa tafiya tare cikin daɗin rai. Ƙarfen da ya cika tauri yakan zama kamar gilashi, wanda ya cika laushi kuwa ba ya riƙe kaifi, sannan wanda nama da fata ba sa cinye shi da wuri, dutsen washi ma ba ya cin sa da wuri.

Abin da ke raba ƙarfen wuƙa da na ƙusa shi ne sinadarin kabon, wanda shi ne asalin gawayi. Idan kabon ya yi ƙasa da kimanin kashi 0.3 cikin ɗari, duk yadda aka gasa ƙarfen aka tsoma a ruwa ba zai taurare sosai ba. Wuƙa mai kyau takan ɗauki kashi 0.6 zuwa 1 cikin ɗari. Maƙeri zai zuga wuta har ƙarfen ya yi ja, wajen digiri 800 a ma'aunin Salsiyos, ya tsoma shi a ruwa ko mai nan take. A wannan hali ya yi tauri fiye da kima. Sai ya sake ɗumama shi a hankali yana kallon launin da ke bin jikinsa. Idan ya yi ruwan kara, wajen digiri 200 da 'yan kai, ya isa wuƙa. Idan ya kai shuɗi, wajen digiri 300, taurin ya ragu, ya fi dacewa da adda. Maƙerin gargajiya ba shi da ma'aunin zafi, idonsa ne ma'auni, shi ya sa ake son maƙera ta kasance da ɗan duhu.

Ga mahauci Musulmi maganar ta wuce ta sauƙin aiki. Hadisi na 17 cikin Arba'una Hadisi ya yi umarni da wasa abin yanka don a sauƙaƙa wa dabba. A fiƙihun Malikiyya, wanda shi malaman zango ke karantarwa daga Risala, dole a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu, kuma idan mai yanka ya ɗage hannu bayan ya yanke wani sashe sannan ya koma, an shiga batun ko naman ya halatta. Dakusasshiyar wuƙa na iya mayar da sa guda mushe, alhali galibi bashi mahauci ke ɗaukar san daga hannun mai gida, sai ya sayar ya biya.

4.0 Daga Tama Zuwa Solingen

Ƙira tsohuwar sana'a ce a wannan yanki. A Taruga, cikin yankin al'adar Nok, an tono matoyar tama da ta haura shekara 2,000. A Dutsen Dala an sami wadda aka ƙiyasta ta ƙarni na 7 ce, kuma al'adar baka ta danganta kafuwar Kano da maƙeran da suka zo daga Gaya neman tama, waɗanda ake kira Abagayawa.

Ƙarfen da ake samu daga tama ba ya narkewa ya zama ruwa. Dunƙule ne yake fitowa, haɗe da kashin ƙarfe, wani gefe mai kabon da yawa, wani kusan babu. Aikin maƙerin baƙi ne ya fasa dunƙulen, ya ware mai tauri, ya yi ta dukansa a kan uwar maƙera da masaba har ya haɗe. Gawayin ƙirya aka fi so saboda zafinsa da daɗewarsa. Mafi kyawun gutsure aska da wuƙa ake ajiye wa. Duk da haka, wuƙar tama ba ta da daidaito: ana iya samun tsakiyarta na riƙe kaifi, tsininta na lanƙwashewa. Alherinta shi ne kowane dutse mai yashi-yashi na cin ta.

Ƙarfen Turai ya riga Turawan mulki isowa. Lokacin da Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ruwan takobi kimanin 50,000 ake shigowa da su kowace shekara ta Sahara, akasarinsu ƙirar Solingen ta Jamus, a yi musu ƙota da kube a Kano a sake sayarwa. Ya ga asake ma daga Styria ta ƙasar Ostiriya. Dalilin fifikon waɗannan kaya ba ɓoyayye ba ne. Tun shekarun 1740 Benjamin Huntsman ya gano yadda ake narkar da ƙarfe a tukunya a Sheffield ta Ingila, abin da ke sa kabon ya bazu daidai a ko'ina. A 1856 Henry Bessemer ya fito da hanyar da ta karya farashin ƙarfe. Matoyar tama, wadda ke cin kwanaki da tulin gawayi kafin ta ba da dunƙule ɗaya, ba ta da yadda za ta yi gogayya da wannan.

Bahaushen da ya sauka Ankara ya tarar da wannan ƙarfe a bakin ƙofa, ba sai raƙumi ya ratso hamada da shi ba. Kantunan kamfanonin Turawa, irin su kamfanin cinikin Basel Mishan da UAC wadda aka kafa a 1929, suna sayar da wuƙaƙe da adduna. Addar Martindale ta Birmingham mai tambarin kada ta shahara har daga baya aka kafa masana'antarta a Tema. Wuƙar aljihu ta Okapi, wadda aka fara ƙerawa a Solingen a 1902 don kasuwannin Afirka, ita ma ta zaga nahiyar, kafin a mayar da ƙirarta Afirka ta Kudu a 1988.

5.0 Zamanin Sifirin Mota

Abin mamaki shi ne kayan kanti ba su kashe maƙeri ba. Masu fasa tama ne suka rasa sana'a, maƙeri kuwa sai ya sami abin da bai taɓa samu ba, wato ƙarfe mai kyau kusan kyauta. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, layin Ankara zuwa Kumasi ya kammala a 1923, kuma arzikin koko ya cika hanyoyin kudancin Gana da manyan motoci tun shekarun 1920. Duk motar da ta mutu ta bar gado. Philip Jaggar, wanda ɗalibai suka fi sani da littafinsa na nahawun Hausa na 2001, ya wallafa nazari kan maƙeran birnin Kano a 1994, kuma ƙirar da ya tarar ta tsofaffin ƙarafa ce.

A cikin gadon mota babu kamar sifirin, wato falle-fallen ƙarfen da ke ɗauke da nauyinta a kan tayoyi. An yi shi ne don ya lanƙwasa sau dubbai ya koma daidai bai karye ba. Kabon ɗinsa wajen kashi 0.6 cikin ɗari ne, da ɗan kuromiyam ko silikon. Wannan shi ne daidai abin da barho da gatarin sara ƙashi ke bukata: ya taurare idan an tsoma shi, ya jure duka, kuma dutse ya ci shi ba da wahala ba. Tsohon magagari ya fi shi kabon, yakan haura kashi 1 cikin ɗari, don haka ya fi kaifi, amma ya fi saurin ɓallewa. Shi ake mayarwa ƙaramar wuƙa. Ruwan zarto kuwa, da yake siriri ne, ya dace da yankan nama falle-falle irin na tsire.

Maƙeri na gane ƙarfe ta amonsa da kuma yadda magagari ke kama shi. Da injin washi ya zo sai aka ƙara da tartsatsi: ƙarfe mai kabon da yawa tartsatsinsa na fashewa kamar taurari, mara kabon kuwa dogayen layuka yake fitarwa. Hatsarin sifirin ɗaya ne. Wanda ya gaji a jikin mota yakan ɓoye ƙananan tsagu da ido ba ya gani, sai an gama wahalar ƙira an tsoma a ruwa a ji ƙas.

A Ankara, wuraren gyaran mota da sayar da kayanta irin su Kokompe da Abossey Okai su ne ma'adinan wannan zamani, kamar yadda Suame take a Kumasi. Filin tsofaffin ƙarafa na Agbogbloshie ya bi sahu daga baya, har zuwa lokacin da hukuma ta rushe shi a 2021.

Abubuwa biyu sun girgiza sana'ar. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar. Dubban mutanen zango 'yan asalin Nijeriya da Nijar suka tafi, cikinsu har da dillalan shanu da mahauta da masu sana'ar hannu. Sai kuma taɓarɓarewar tattalin arziki daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa 1983, lokacin da kantuna suka bushe. Ƙarancin kayan waje ya sa aka koma wa na gida, kuma duk wanda ya iya mayar da sifirin wuƙa bai rasa ciniki ba.

6.0 Tsatsa da Farar Wuƙa

Akwai abokin gaba da maƙerin Kano bai damu da shi sosai ba, amma na Ankara ba ya iya mantawa da shi, wato tsatsa. Iskar teku na ɗauke da laima da gishiri. Baƙar wuƙar da aka kwana ba a goge an shafa mata kitse ba, da safe ta yi ja, kuma tsatsa bakin kaifi take fara ci domin nan ne ya fi siranta.

Maganin ya fito daga Sheffield a 1913, inda Harry Brearley ya haɗa ƙarfe da kuromiyam kimanin kashi 13 cikin ɗari ya ga ba ya tsatsa. Wuƙaƙen farko da aka yi da shi sun yi ƙaurin suna wajen rashin kaifi, sai da aka ɗauki shekaru ana gyara. Bayan da Gana ta buɗe kasuwarta daga 1983, farar wuƙa mai araha daga Sin da Barazil ta mamaye tebura. Ba ta tsatsa, ba ta sauya launin nama, ga sauƙin wankewa, abin da jami'an tsafta ke so. Amma mai arahar cikinta kabon ɗinta kaɗan ne, kaifinta ba ya kai azahar. Wannan ne ya sa akan ga mahauci da kala biyu, farar wuƙa a kan tebur gaban mai saye, baƙa kuma wajen aiki mai nauyi.

Aikin Ankara ma na da nasa hali. A nan an fi babbake akuya da tunkiya maimakon fiɗa, fatar sa kuma ganda ake yi da ita, wadda ake kira wele. Kankare babbakakkiyar fata mai toka da yashi na cinye kaifi fiye da yankan tsoka, don haka ba a sa wuƙar yanka a wannan aiki.

7.0 Ƙarfen da Ya Fi Ƙarfin Dutse

Masana'antu sun daɗe suna neman ƙarfen da ba ya cinyewa. Robert Mushet ya zuba tangistan a 1868, daga baya aka zo da kuromiyam mai yawa da banadiyam. Waɗannan sinadarai na haɗuwa da kabon su zama ƙananan ƙwayoyi masu tsananin tauri da ake kira kabaid, a warwatse cikin ƙarfen kamar tsakuwa a cikin kankare. Ƙarfen da ake kira D2, alal misali, yana da kabon kashi 1.5 da kuromiyam kashi 12 cikin ɗari. Daga 1970 wani kamfanin Amurka mai suna Crucible ya fara yin irin wannan ƙarfe daga gari, a matse shi da zafi, don ƙwayoyin su yi ƙanana. A ma'aunin tauri na Rockwell, wuƙar mahauta ta yau da kullum na tsakanin 55 da 58, waɗannan kuwa sukan kai 60 zuwa sama.

Sai dai ka'idar washi ba ta sauya ba: abin da zai ci ƙarfe dole ya fi shi tauri. Dutsen washi na gargajiya ƙwayoyin yashi ne ke aiki a cikinsa, kuma sun fi baƙin ƙarfe tauri. Kabaid na kuromiyam ya fi yashi tauri. Dutsen kanti mai fuska biyu, wanda aka yi da alumina ko da sinadarin da Edward Acheson ya gano a 1891 mai suna kaborandam, yana iya cin sa. Kabaid na banadiyam ya fi waɗannan ma, sai faranti mai ƙurar lu'ulu'u. Wanda ya sayi irin wannan wuƙa bai sayi dutsenta ba, zai yi ta gugar banza har ya yanke hukuncin cewa an cuce shi. Ga shi kuma yawan kabaid na rage juriya, don haka bakin na iya ɓallewa a kan ƙashi, inda sifirin mota zai ɗan lanƙwasa ne kawai a miƙe shi. Irin wannan ƙarfe ya fi amfani ga mai yankan kwali ko igiya ko roba. Ga mahaucin da ke shafa wuƙarsa sau da yawa a yini, ribarsa ba ta kai tsadarsa ba.

Washin kansa bai da asiri. Ana jiƙa dutse, a kwantar da wuƙa a karkace kimanin digiri 15 zuwa 20 kowane gefe, ƙasa-ƙasa ga wuƙar yanka, sama-sama ga ta sara. Ana guga gefe ɗaya har sai yatsa ya ji wani ɗan gashin ƙarfe ya tashi a ɗaya gefen tun daga gindi har tsini, sannan a juya. Idan wannan gashi bai fito ba, ba a kai bakin ba tukuna. Daga nan a koma fuska mai laushi, a ƙarasa a kan fata don gashin ya fita. Sandar ƙarfen da ake ganin mahauta na karta wuƙa a kanta miƙe bakin da ya kwanta take yi, ba ta maye gurbin dutse. Ɗalibai za su lura cewa aikatau ɗin "wasa" a "ya wasa wuƙa" rubutunsa ɗaya da sunan "wasa" na yara, karin sauti ne ya raba su, kuma daga aikatau ɗin aka sami "washi".

Injin washi mai lantarki ya sauƙaƙa aiki, musamman a jajibirin salla, amma yana da illa. Idan aka danna wuƙa a busasshen dutse mai gudu, siririn bakin na ɗaukar zafi cikin daƙiƙoƙi. Da zarar ya yi shuɗi, taurin da maƙeri ya sa masa ya tafi, sai an cinye wurin gaba ɗaya kafin a sake samun kaifi mai daɗewa. Mai washin da ya san aikinsa yana ajiye gwangwanin ruwa a gefe yana tsomawa a kai a kai. Injin kuma na cin ƙarfe fiye da dutsen hannu, ta yadda wuƙar da ta fara da faɗin yatsa uku kan koma siririya kamar tsinke. A wannan mataki ta bar kwata, ta koma hannun yaron da ke cire nama daga jikin ƙashi, ko teburin mai cicinga a bakin titin Nima, inda ake yanka albasa da ita.